Sabon Bod, Tsohon Memori, da Ranar da Na Tambaye Ki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ta Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari. Na cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin dakuwa, don na san ba za ki kai wurin ba sai kin zauna kin huta yunwa ta taso.

Na san za ki yi mamaki. Ke ce 'yar fari a wurina, kuma kin san yadda muka taso a Daura: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ki Goggo, yayar babanku, ta ɗauke ki, sai da kika gama sakandare kika dawo gidan nan kina kirana Yaya kamar yadda kika ji ƙannena suna yi. In ina son ki da wani aiki, sai in dubi garu in ce, “Ko akwai mai kawo mini buta?” Ke ma sai ki dubi garun ki ce, “Ga buta nan.” Garun nan ya ji maganata fiye da ke. To yau ba garu a tsakaninmu, takarda ce, ita kuwa ba ta da idon da zan ji nauyinsa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika baro shi. Tunda karatun gyaran kwamfuta kika tafi, kurakuran da na yi a makon walimar saukar Alƙur'ani ta bara nake so in lissafa miki da kaina. Kin gani da idonki, amma ba ki ji abin da ke cikin zuciyata ba.

Kin tuna yadda abin ya faro. Tun da aka dawo da shari'a matan aure suka cika islamiyyarmu, har da tsofaffi masu jikoki. Ni da allo na tashi da tawada, boko a ajin manya na tsince shi, amma da yake hannuna ya fi na sauran malamai haƙuri, ni aka ɗora wa buga takardu. Kawunki Lawwali, ƙanena mai motar haya, ya samo mini tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, muka liƙa haruffan Larabci a kan maɓallanta. A kanta na yi wata uku ina shirya takardun shaidar sauka na mata arba'in da bakwai. Kowace da sunanta da na mahaifinta da na kakanta, da Larabci, wasali bayan wasali, babanku yana dubawa. Littafin da aka fara rubuta sunayen a ciki kuwa gara ta cinye shi da damina, kuma rabin matan daga ƙauyukan hanyar Zango suke zuwa, ba waya gare su ba. Wato duk duniya, in ka cire cikin akwatin nan, babu inda aikin yake.

A cikinsu akwai Inna Tabawa mai ƙuli-ƙuli, wadda ta sauke Alƙur'ani gashinta fari fat. Kullum sai ta leƙo zaure.

“Malama, tawa ta fito?”

“Sai Asabar, Inna.”

“To ki sa sunana da manyan baƙaƙe. Jikokina sun ce da kuɗin ƙuli na sayi saukar. Bisa gadona zan rataye ta, duk wanda ya shigo roƙon tsaraba sai ya karanta kafin in ba shi.”

Na ce mata in Allah Ya yarda za ta riƙe ta da hannunta ranar Asabar. Na yi alkawari ke nan.

Kuskurena na farko shi ne lokacin da na zaɓa. Kwamfutar ta daɗe tana nawa, wani lokaci ta kashe kanta ta sake tashi. Amma tana aiki. Da na bar ta, da ta buga takardun nan a hankali kamar yadda tsohuwa ke tuƙa tuwo, ta gama. Sai kawunki ya zo ranar Litinin ya ce wani abokinsa ya gaya masa babban allon da ke cikinta ne ya gaji, wanda kuke kira madabod, ko bod a taƙaice. In an sa sabo, wai sai ta riƙa gudu har in kasa binta. Gaskiya zan faɗa miki, ba larura ce ta ja ni ba. So na yi ranar walima malamai su shigo su ga ta buɗe da ƙiftawar ido, a ce kai, Malama ta ci gaba. Allah Ya yafe mini wannan ɗan son a gani. Na ce a sayo, saura kwana biyar walima, kuma ban kwafe ko takarda ɗaya zuwa faifai ba.

Don haka, duk ranar da wani ya kawo miki kwamfutarsa, kafin ki ɗauki sukundireba ki tambaye shi abu biyu: me ke ciki wanda ba shi da shi a wani wuri, kuma yaushe yake bukatarsa. In ya ce jibi, ki ce ya je ya gama aikinsa ya dawo. In ya nace, ki kwafe masa kayansa tukuna, ko da zai yi ta tsaki yana duba agogo. Abin da ke cikin akwatin mutum amana ce a hannunki, ko takardar gayyatar suna ce.

Kuskure na biyu shi ne saƙon da na ba kawunki. Ni da in zan aiki mutum sayen zare sai na yanka masa ƙyallen atamfar ya tafi da shi, sai ga shi na ce masa kawai, “Ka sayo mai kyau, sabon yayi.” Ya kuwa je Kano ya sayo mai kyau ranar Talata, cikin kwali mai sheƙi, da ƙwaƙwalwarsa da fankarsa a haɗe. Safiyar Laraba muka shimfiɗa tabarma a zaure, ya kwance tsohon ya ɗaura sabon, yana ta baza hannu kamar likita. Komai ya shiga wurinsa sai memori, ɗan siririn allon nan mai kama da mataji. Akwai 'yar tsaga a ƙasansa, akwai ɗan tudu a cikin ramin da ake sa shi, dole su haɗu. To ba su haɗu ba. Saura kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Ya juya shi, ya ƙi. Ya danna har goshinsa ya yi gumi, ya ƙi.

Kina bakin ƙofa kina tsince shinkafa. A lokacin kin yi wata huɗu kina zuwa koyon kwamfuta a wani shago can wajen Kusugu. Kika dubi kawunki, ba ni ba, kika ce, “Kawu, a gaya wa masu kwamfuta wannan memorin tsohon yayi ne. Sabon bod ba ya cin irinsa. Don kada a sa shi ne aka gusa tsagar.”

Ya ce, “Ji 'yar nan! Wata huɗu kin zama injiniya? Ni shekara nawa ina sa wa motata kayan wata mota tana tafiya?”

Kika ce, “Shi ya sa kullum muke tura ta, Kawu.”

Na ji ki sarai. Wallahi na ji, kuma zuciyata ta ce gaskiya kika faɗa. Amma in na bi maganarki a gaban ƙanena, kamar na nuna ina ji da ke ne. Sai na yi kamar ina neman wani abu a cikin kwano. Da kika tafi shago, kawunki ya fita lodi, sai na zauna ni kaɗai da memorin nan ina kallonsa. Na ce a raina, ƙofar ɗaki ma in ta kumbura da damina ai ɗan fere ta ake yi. Na ɗauko ɗan magagarin da ke jikin abin yanke farce, na yi bismillah, na shiga faɗaɗa tsagar. Da natsuwa na yi aikin, har ina hure garin. Ya kuwa shiga, ko in ce na shigar da shi. Na kunna. Fanka ta juya sau ɗaya, wani ɗan ƙauri ya taso, na yi maza na zare waya ina salati.

Allah Ya rufa asiri bod ɗin bai ƙone ba, wannan kuwa ba dabarata ba ce, sauƙi ne daga Allah. Amma memorin ya mutu murus. Kin ga ke nan na rushe hanyar komawa, don ko an mayar da tsohon bod, babu memorin da za a sa masa. Da yamma Inna Tabawa ta leƙo ta ga kayan cikin kwamfuta a baje a tabarma, ta riƙe haɓa ta ce, “Malama, yanka ta kuka yi? Ina cikin nan kuka ajiye sunana?” Na nuna mata rumbun ajiya, ɗan ƙarfen nan mai nauyi da komai ke ciki. Ta shafa shi ta ce, “To a lallaɓa shi.”

Abin da nake so ki riƙe a nan: in abu ya ƙi shiga, ki tsaya ki tambayi dalili. Waɗanda suka ƙera shi ba mantuwa suka yi ba. Kuma kafin a sayi bod, a rubuta irin memorin da yake ci, a karanta ɗan littafin da ke cikin kwalinsa. Namu yana nan, da shi kawunki ya riƙa yin fifita. Wannan kin fi ni sani yanzu. Wanda nake jin tsoro ki manta shi ne na mutane: za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata daga garuruwa daban-daban, wata halinta ba zai zo daidai da naki ba. Kada ki ɗauko mata magagari. Ki bar ta yadda take, ku gaisa da mutunci, kowa ta sami wadda suka dace.

Ranar Alhamis kawunki ya sake komawa Kano, ya dawo da memori biyu sabon yayi. Ɗaya ya saya a shago, ɗayan abokinsa ne ya ciro masa daga wata matacciyar kwamfuta kyauta, wai biyu sun fi ɗaya ƙarfi. Safiyar Juma'a aka kawo wuta, ya sa su, kowanne ya shiga ƙyas ba gardama. Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito. Na yi hamdala har da ɗaga hannu. Sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi, ta sake komawa shuɗiya. Ashe babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda ke cikin rumbun, tsohon bod ta sani, ta farka ta ga gidan da ba nata ba. Sai an sake ɗora ta daga faifai.

Kawunki ya sa faifan. Na ce masa, “Lawwali, ka yi duk abin da za ka yi, amma kada a taɓa mini takarduna.” Ya zaɓi inda ba a share komai. Ta fara kwafa, wani layi yana tafiya, muna binsa da ido kamar masu jiran wata. Ya kai kusan rabi ya tsaya, wai ta kasa kwafar wani abu. Aka sake. Wannan karon tun kafin rabi ta tsaya, a wani wurin daban. Aka sake, ta kusa ƙarshe ta tsaya.

A nan na yi kuskuren da ya fi damuna a wajen Allah. Na ɗora wa faifan laifi, na wanke shi da ruwan ɗumi na goge da gefen mayafina. Da bai yi ba, na ɗora wa mai shagon da ya sayar da bod ɗin, mutumin da ban taɓa gani ba. Na ce da bakina ya ga baƙauye ya ba shi jabu. Kawunki ya ce, “Wa ye baƙauyen?” Na ce ba da shi nake ba. Alhali mutumin nan kayansa lafiya lau ne. Daga baya sai da na sa kawunki ya je ya nema mini gafararsa, ya kai masa ƙuli-ƙulin Inna Tabawa. Aka ce ya yi ta dariya, ya ce shi bai ma san an zage shi ba, amma a ci gaba da zaginsa in dai da ƙuli.

Ke ma za ki gamu da wannan. In gyara ya ƙi, zuciya takan yi saurin neman wanda za ta ɗora wa, kuma wanda ba ya wurin ta fi so, don ba zai kare kansa ba. Ki fara zargin abin da hannunki ya taɓa na ƙarshe. Mu abin da muka taɓa na ƙarshe memori ne, amma ba wanda ya dube shi, don ya shiga raminsa lafiya. Kin ma faɗa, kina wucewa da tsintsiya: “Kawu, wai memorin nan biyu gudunsu ɗaya ne?” Ya ce ki je ki yi shararki.

Bayan an sauko daga masallaci ya dawo da sabuwar shawara. Ya ce duk wanda ya tambaya ya ce masa matsalar rashin fomatin ne, a share rumbun tas a ɗora manhaja a kan fili, za ta tafi sumul. Na ce, “Takarduna fa?” Ya ce, “Yaya, Allah dai Ya yi mana mai kyau.” Na san ma'anar wannan amsa. Amma la'asar ta gabato, gobe walima, ana ta kafa rumfa a ƙofar makaranta ina jin bugun guduma. Na fara lissafin ko zan iya tuno sunaye arba'in da bakwai da ka, in buga ko da rabinsu ne kafin safe. Na kai goma sha ɗaya na kakare, kuma ko sunan kakan Inna Tabawa na kasa tunawa. Kawunki ya kai wurin da kwamfutar ke tambaya ko a share komai, ya nuna mini maɓallin, ya ce, “Kayanki ne, ke za ki danna.”

Na ɗora yatsa. Kina zaune a bakin ƙofa, kin daina abin da kike yi. Na dubi garu kamar kullum, na buɗe baki zan ce ko akwai mai wata magana. Sai na ga garun nan bai san komai game da memori ba, kuma alkawarin tsohuwa ne a ƙarƙashin yatsana. Na juyo na dube ki, ido cikin ido, na ce, “Ke nake tambaya. In danna?”

Kin tuna abin da kika yi? Kika waiga bayanki ki ga da wa nake. Sannan kika ce, “A'a, Yaya. Don Allah ɗauke hannunki.”

Kawunki ya ce, “La haila! Yau Yaya ta yi wa 'yar fari magana. Bari in fita in duba ko rana ta faɗi gabas.”

Kika wanke hannu kika goge, kika kashe kwamfutar, kika taɓa ƙarfen jikinta, kika zare memorin kyautar nan kika miƙa wa kawunki kika ce ya rataya a madubin motarsa. Kika ce tsayawar da take yi a wuri daban-daban ita ta nuna miki memorin ne, don da faifan ne da a wuri ɗaya za ta riƙa tsayawa. Kika sake farawa da memori ɗaya, ba tare da share komai ba. Layin nan ya tashi, ya wuce rabi, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kai ƙarshe. Ban san ina riƙe da gefen hijabinki ba sai da kika motsa. Kafin magariba kin sa mata Larabci, kin haɗa ta da firinta, kin buɗe rumbun. Ga su nan, arba'in da bakwai, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Abu na farko da kika yi, kika kwafe su a faifai biyu, kika ba ni ɗaya kika ce in sa a ƙasan adaka. Yana nan har yau, tare da memorin da na goge.

Da hantsin Asabar muka buga su, ke kina sa takarda ni ina karɓa da ɗuminsu. Da aka kira Inna Tabawa ta taso tana gyara lulluɓi, ta karɓa da hannu biyu, ta bi sunanta da yatsa tana haɗa baƙi a gaban kowa, har na kakanta. Sannan ta ɗaga ta sama ta juya wajen jikokinta ta ce, “To 'yan nema, ku zo ku gani, wannan ma ƙuli ne?” Mata suka yi ta kabbara ana dariya. Ni kuwa ina can baya ina neman inda kike da ido, na ga kina raba wa baƙi ruwa kamar ba ke kika yi komai ba.

Ga babban kuskurena, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Kwana uku amsa tana zaune a bakin ƙofata tana tsince shinkafa, na ƙi tambaya. Ba na cewa kunyar da iyayenmu suka koya mana banza ce. Tana da kyau, ita ta hana mu ɓata 'ya'ya da yabo, kuma in kin dawo hutu kada ki yi tsammanin zan tare ki a tasha da guɗa. Amma na gane akwai inda take ƙarewa, wato inda haƙƙin wani ya shigo. A ajinku maza za su fi yawa. Wata rana ba za ki gane abu ba, ki ji nauyin ɗaga hannu. Ki ɗaga. Wata rana kuma ke ce za ki sani, babba yana shirin danna abin da zai share wa wani wahalarsa. Kada ki ce a gaya wa masu kwamfuta. Ki yi sallama, ki rusuna, ki faɗa masa kai tsaye da ladabi. In ƙaramin da bai kai ki ba ne ya gyara miki, ki ce na gode a gaban mutane.

Ki kula da sallarki a kan lokaci, ko kina tsakiyar ɗora manhaja, ai layin yakan jira. Ki riƙa cin abinci, na lura in kin sa kai a aiki mantawa kike yi. Babanku yana sa miki albarka. Kawunki ya ce in gaya miki memorin yana nan yana lilo a madubi, kuma tun da ya rataya shi motar ba ta mutu ba sai sau huɗu. Inna Tabawa ce ta ba da ƙulin da ke cikin baƙar leda, ta ce na injiniyarta ne, kada in taɓa, ban kuwa taɓa ba.

Saura abu ɗaya. Na buga sunayen 'ya'yan mutane arba'in da bakwai, kowanne na duba shi sau uku don kada in tauye masa harafi, amma akwai sunan da ni aka fara raɗa wa a kunne ranar suna, shekara goma sha tara ban furta shi ba. Na daɗe da biro a hannu kafin in kai wannan layin.

Allah Ya yi miki albarka, Rukayya.

Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba. Kada dai ki nuna wa Goggo.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗa miki karatu, Ya sa hannunki ya zama mai gyara duk abin da ya taɓa, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin. Wassalamu alaikum.

Wadda kike kira Yaya,
mahaifiyarki.